Kujerar Gindin Fanka

Mai shagon ɗinki ya kame kujerar bakin taga a motar da ke jiran cika, yana ta zabga tsaki. Wani dattijo mai ƙamshin burodi ya zauna kusa da shi.

"Lafiya, maigida?"

"Ina fa lafiya, baba? Tela na uku ke nan ya gudu cikin wata biyu, kuma ban taɓa tauye hakkin kowa ba."

"Ni kuwa shekarata goma sha tara a gidan burodi ɗaya."

"Albashinku da tsoka ke nan."

"Ina! Kujera ce. Wanda burodinsa ya fi kyau a mako, ogan da kansa zai zaunar da shi a gindin fanka lokacin hutu, kowa na kallo. Ka ga yadda muke dambe da ƙullu saboda ita! Fankar ma ta shekara uku ba ta juyawa."

"Wasan yara! Ni ba na yabon ma'aikaci, kansa zai kumbura. Yabo ba ya motsa babban mutum."

Dattijon ya ƙura wa wuyan rigarsa ido. "Wannan fa, wa ya ɗinka?"

"Ni, da hannuna."

"Kai! Rabona da ganin ɗinki mai tsabta haka tun ina saurayi."

Mai shagon ya shafa wuyan rigar, murmushi ya ƙwace masa. "Baba, tsakiyar nan akwai zafi. Dawo bakin taga ka sha iska."

Dattijon ya koma, ya miƙe ƙafafu. "Na gode, babban mutum."