Kada a Fasa Tayil Ɗin Malamar Lissafi

Shugaban wannan zama, shugabar makaranta, malamai masu haƙurin da mu ba mu da shi, iyaye 'yan'uwana, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama kafin a ɗaga hannu kan shawarar fasa tayil ɗin tsakar makaranta, a mayar da wurin na ajiye motoci. Ni direba ne, ba wanda ya fi ni son wurin fakin. Amma ku saurare ni.

Na farko, tayil ɗin nan ba ado ba ne, allo ne. A kansa malamar lissafi take koyar da zanen nisan lamba daga sifili. Takan jera yara a layi, ɗaya a kan sifili, wasu a dama, wasu a hagu inda lambobi suke ƙasa da sifili. Sai kowa ya taka gaba gwargwadon nisansa da na tsakiya. Kafin ka ce kwabo sun fitar da harafin V, kamar almakashi a buɗe.

Na biyu, Autata. Yarinyar nan da ta ji an ce aljabara sai ta nemi wurin ɓuya, har ta ce mini ita da makaranta haihata-haihata. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wata rana na zo ɗaukarta, na tarar an tsayar da ita a hagu, biyar ƙasa da sifili. Ta fara ja da baya, saura kaɗan ta faɗa kwata. Malama ta ce, "Auta, ban tambaye ki gefen da kike ba, nisanki na tambaya. Taho gaba." Ta tako tayil biyar, ta dubi dama, sai ga shi sun yi kunnen doki da yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a aji, wadda aka tsayar biyar sama da sifili. Da muka koma gida ta jera mu a falo, ni da uwarta da kakarta, ta ba tsohuwa sifili don kada ta wahala. Ba ta sake zancen barin makaranta ba.

Na uku, gani ya kori ji, kuma akwai matsorata irin Auta da ba su iso ajin ba tukuna. Motata ta daɗe tana shan rana a bakin titi, ba ta narke ba. Ta ci gaba da sha.

Allah ya saka wa malamai, ya buɗe kawunan yaranmu, ya sa mu ɗaga hannu inda ya dace, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.