Yayana Sale a Ƙetaren Ruwa

Tunkiyata na sayar na yi kuɗin mota, Inna ta ƙulle min gari da ƙuli-ƙuli a gefen zane. Wani direban motar albasa ne ya rantse ya ga mai kama da yayana Sale a Fatakwal. Mu kuwa shekara tara da yi masa sadakar arba'in, don an ce ya mutu a wata tarzoma a Anacha. Matarsa Hajara ta yi takaba, ta auri ƙaninsa, Kawunku Musa. Ku yara, ku ajiye wayar nan ku saurara.

Na sauka a Mal Wan, wata unguwa a Fatakwal. Haka nake faɗa, yaran unguwa suna ta dariya, wai Mayil Wan ne. Na kama aikin tuƙa tuwo a rumfar wata 'yar Kafanchan, Maman Ladi. Mai gidan da na kama ɗaki kuwa, ruwan alwalata ne ya tsone masa ido.

"Madam, kullum wanka sau biyar?"

"Oga, ba wanka ba ne, salla ce."

"Allahnku bai san tankin nan nawa ba ne?"

Na koma tarar ruwan sama, abin da garin ba ya rowarsa.

Wata bakwai ina cigiya. Limamin masallacinmu ne ya gano zancen. Ashe akuyar sata aka saka a garken da Sale ya rako, aka yanke masa shekara bakwai. Daga Anacha aka kai shi Inugu, daga nan aka kawo shi Fatakwal da wasu fursunoni, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa wata gonar fursuna a cikin fadama. Ya gama wa'adinsa, bai fito daga can ba.

Na shiga kwalekwale ina ta salati. Na same shi yana ɗinkin komar kamun kifi, haƙoransa na gaba babu, Hausarsa duk ta cakuɗe da Turancin kasuwa.

"Yaya, tashi mu tafi. Inna na nan da rai."

"Hajara fa?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana jan zare.

"'Ya'ya nawa?"

"Uku."

"In na koma, auren wa za a kashe? Yaran nan a kira su me? Rabi, kun riga kun binne ni. Ki bar ni a kwance."

Ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa ba muddin yana numfashi. Bara numfashin ya ƙare, shi ya sa kuke ji.

Na dawo da jakata kawai. Inna ta tare ni a zaure.

"Kin gan shi?"

Ƙarya ba ta halatta, rantsuwa kuma ta ɗaure ni. Na ce, "Inna, Allah ya san inda yake."

Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba. Amma daga ranar, in ta idar da salla, ta daina cewa Allah ya jiƙan Sale. Sai ta yi ƙasa da murya, don kada Hajara ta ji, ta ce Allah ya ciyar da shi.