Gwangwanin Gam da Takalmin Mama

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus. Wasunku kun san ni tun ina makarantar Lahadi. Wasu kuma kun san ni lokacin da in kun hango ni sai ku sauya hanya. Ban ga laifinku ba.

Da masaƙar da babanmu yake aiki a Bompai ta rufe, bai daɗe ba ya kwanta ciwo, Ubangiji ya kira shi gida. Na bar sakandare. Mama ta fara dafa shinkafa da wake tana kaiwa bakin kamfanoni a Sharada, a ƙafa, da kaya a kai. Maimakon in kama mata, sai na bi abokai bayan katangar wata masana'anta da ta mutu. A can na koyi shaƙar sholisho a tsumma. Ba wanda ya tilasta ni. Na sayar da rediyon baba. Na taɓa daka wa Mama tsawa a gaban masu cinikinta. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau.

Mama ce ta ji labarin wata ƙungiya da ta buɗe wurin koyar da matasa irina sana'a a wani tsohon sito. Da safe karatu da lissafi, da rana aikin hannu. Ta yi ta zarya kafin su karɓe ni, har silifas ɗinta ya tsinke ta ɗaure shi da waya. Doka ɗaya suka kafa mini: ranar da aka kama ni da kayan maye, ranar zan bar wurin. Walda na so, amma ajin ya cika. Aka tura ni ɗinkin takalma, wurin Malam Habu, wani dattijo Musulmi da ya daɗe yana aikin fata a Challawa.

'Yan'uwa, warin da ya tare ni a bakin ƙofa shi ne abin da nake gudu. Gam ɗin da ake manna takalmi da shi, da sholisho duk jirgi ɗaya ne. Kuma aikin ba ya son gaggawa. Sai ka shafa a fata, ka shafa a tafin takalmin, ka ajiye su su sha iska har gam ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa. Wannan jiran, da gwangwani buɗe a gabana, shi ne jarabata.

Na faɗi. Wata rana na tsoma tsumma a gam na cusa a aljihu. Da aka tashi, Malam Habu ya bari kowa ya fita, ya miƙo hannu.

"Bitrus, ba ni abin da ke aljihunka."

Na ba shi, kaina a ƙasa. Ya ce tun kafin in fara zuwa Mama ta same shi ta faɗa masa halina duka, ba ta ɓoye komai ba. Ya ce shi ma ba zai ɓoye wa shugabannin wurin ba, amma zai roƙe su su bar ni a hannunsa sau ɗaya tak.

Ya tafi ofis. Ni kuma na durƙusa a kan guntayen fata. Na manta yadda ake addu'a mai tsari. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Yesu, na gaji. In aka kore ni, da wane ido zan kalli Mama? Ka riƙe hannun nan, ni na kasa." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne baba.

Suka amince. Yabo ga Ubangiji!

Washegari na tarar Malam ya fitar da bencina waje, ƙarƙashin darbejiya, inda iska take kaɗawa. Gwangwanin gam yana hannunsa, shi yake ɗibar mini. Ya ce, "Ɗana, in gam yana shan iska, ni carbi nake ja. Kai ma ka kira Ubangijinka. Kafin ka ankara ya bushe."

Haka muka yi. Shi yana nasa, ni ina nawa, takalma suna tsakaninmu. Ba zan ce muku abin ya tafi nan take ba. Kaina ya yi ta sara, fushi yana taso mini ba dalili. Amma duk jiran gam ya zama mini lokacin addu'a, kuma a yini ana jira sau da yawa.

Ana nan, wata rana aka kira azahar. Malam ya tashi, ya ɗora gwangwanin a cinyata, ya tafi sallarsa bai waiwayo ba. Na shafa abin da aiki yake buƙata. Na rufe murfin da hannuna. Da ya dawo sai ya duba aikin ya ce gefen hagu yana son ƙarin guduma.

Takalmin farko da na gama ni kaɗai na Mama ne. Da na sa ƙafarta a kan kwali zan zana awo, na ga faso a dugaduganta, na san rabinsa ni na jawo. A nan na roƙe ta gafara. Ta dafa kaina ta ce, "Zana mana, shinkafata tana kan wuta."

Ga ta can a layin zumuntar mata, shi ne a ƙafarta. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Na yi na yi in ɗinka mata wani, ta ƙi.

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya cece ni. Ku sa Malam Habu cikin addu'arku. Iyaye masu yaro irina, kada ku gaji da zarya, ku dogara ga Ubangiji. Wanda ya riƙe hannuna a kan murfin nan zai riƙe na ɗanku. Amin.