Bayan Tankin Ruwa

A ɗakin jira na asibiti, wata mata da wani dattijo suna zaune a benci ɗaya. 'Yar matar tana jikin taga, tana kallon yara suna tsere a waje.

"Baiwar Allah, ki bar ta ta je mana," in ji dattijon.

"Kurma ce, Baba."

"To, da kunne ake gudu?"

Matar ta ɗan murmusa. "Sau ɗaya yaran layinmu suka sa ta wasan ɓuya. Ta laɓe bayan tankin ruwa. Da suka gaji suka yi ihu an tashi, kowa ya watse. Ita tana nan tsugune har rana ta faɗi."

"Wayyo. Ta yi kuka?"

"Kuka? Da tsalle ta shigo gida. A ganinta ita ta ci, tunda ba wanda ya gano ta. Yanzu kullum da yamma sai ta koma can, tana jiran su zo nema."

"Ki faɗa mata gaskiya."

"In ƙwace mata wasa ɗaya da ta taɓa ci? Ni ban ce su koyi maganar hannu ba, Baba. In an tashi, ɗaya dai ya zo ya taɓa mata kafaɗa."