Ɗaki Biyu

Da ƙyar na iya rubuta wannan, don yayana Yunus yana wata ƙaramar ƙasar Turai, shekara uku muna jiran ya aiko wa Inna biza.

A wurin jiran bas na unguwar Aziziyya, nan Makka inda muke zaune, na ji wata tsohuwa mai sayar da carbi ta tanka wa wata mai umara da ta ambaci ƙasar da Yunus yake.

"Ya hajja, ku kun huta. An ce can asibiti kyauta ne."

"Kyauta ne, Iya. Ni nake wanke musu tsofaffi."

"To, ki ɗauko taki uwar mana."

"Sau huɗu na nema. Doka ta ce sai gidana na da ɗaki biyu, ga haya ta fi ƙarfin albashi. Hannuna suke so, ba sa son uwata."

"Ki yi haƙuri, baɗi inshallah."

"Wane baɗi? Umarar nan ita nake yi wa. A Maraɗi ta rasu, maƙwabciya ce ta rufe mata ido."

Tsohuwar ta koma jera carbinta.

Yunus ɗaki ɗaya gare shi. Washegari, kafin Inna ta dawo daga Harami, na kwance akwatin tafiyarta, na mayar da kayan cikin durowa.