Katin Tsoro

A bencin ƙofar ofishin hedimasta, wata mata sai murza takardar kira take yi. Dattijon da ke gefenta ya dube ta.

"Lafiya, 'yata? Yaron ya yi faɗa ne?"

"Yarinya ce, Baba, 'yar aji ɗaya. Malamarsu ce ta ɓullo da sabon salo. Kullum da safe kowane yaro sai ya ɗauki kati mai fuskar da ta dace da zuciyarsa, mai dariya ko mai fushi ko mai tsoro."

"Jikana ma suna yi. Jiya na daka masa tsawa, wai in ja numfashi sau uku!"

Ba ta yi dariya ba.

"Kwana tara ke nan tana ɗaukar mai tsoro. Tsoron me? Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba. Ko faɗa za mu yi da babanta, sai mun tura ta ɗaki mun rufo ƙofa."

Dattijon ya gyara riƙon sandarsa.

"Ƙofar tana da kauri, 'yata?"

Ta buɗe baki ke nan aka kira ta.