Maɓallin da Na Kasa Dannawa

Assalamu alaikum. Shugabar makaranta, malamanmu, Mama matar Malam da 'ya'yanta, 'yan uwana ɗalibai, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri da muryata, ban saba tsayuwa gaban jama'a ba.

Malaminmu na kwamfuta ya kasance mai haƙuri da mu. Ya kasance shi ke share ɗakin kwamfuta da kansa, ya lulluɓe na'urori da leda saboda rufin yana yoyo. Ya kasance yana kirana Rediyo, don ba na magana.

A kulob ɗinsa na rubuta wata 'yar manhaja: kowa da maɓallinsa, in ya danna, allo ya gaishe shi da sunansa. Ranar gwaji, duk wanda ya danna sai allo ya ce, "Sannu, Rediyo." Aka yi ta dariya. Wata ta ce ashe shirun nawa na dabara ne, kwamfuta na ɗauka ta riƙa yi min talla. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya jawo kujera kusa da ni. Ya ce wannan shi ake kira kulosha: ƙaramin umarnin da ke cikin kowane maɓalli ba sunan yake kwafewa ba, akwatin da ake saka sunan yake riƙewa. Ni kuwa akwati ɗaya na yi wa kowa, ana sakawa ana cirewa, sunana ne ya rage a ciki. Na roƙe shi ya gyara min, ya ƙi.

"Ke za ki gyara, 'yata. In na dawo daga asibiti ki nuna min."

Da ya kwanta a asibitin, kulob ya watse. Ni kaɗai nake zuwa, in yaye leda ɗaya, in bar sauran a rufe. Na gyara, kowane maɓalli da akwatinsa. Har yau ba wanda ya gani.

Shugaba, ranki ya daɗe, mun ji za a mayar da ɗakin sito tunda ba mai shiga. Muna roƙo a bar mana shi. 'Yan kulob, ku dawo, yanzu kowa zai ga sunansa.

Mama, akwai maɓalli guda da na yi wa Malam. Na kasa dannawa. In za ki iya, ki zo mu danna tare.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya ba Mama da mu haƙurin rashinsa. Amin.